Ƙashin Ya Fara Cinyewa

Ina shekara ta shida da fara gyaran zoɓo a Maigatari bayana ya soma yi mini gardama. Wanda bai san aikin ba zai ce ai na hutu ne, tunda a zaune ake yinsa. Ni ma haka na ce ranar da na fara. Ana zazzage buhunan busasshen zoɓo a kan tamfol a cikin sito, mu mata mu kewaye tsibin, kowa ta miƙe ƙafa ta ɗora faifai a cinya, tana tsince tsakuwa da karare da ƙwallon iri, har ya yi fes yadda za a loda shi a mota. Tun hantsi muke zama sai la'asar sakaliya. Salla kaɗai ke tayar da mu, ita ma a gurguje, don iyakar abin da kika gyara iyakar abin da za ki koma da shi gida. Yatsunmu sun rine, ko a gidan biki ta hannu ake gane mu.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Wani ɗan zafi ne a ƙugu, daidai inda nake ɗaura zane, yakan zo bayan azahar, in na huta ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Na sha ƙwayoyin kemis, na shafa man zafi har fata ta yi borin jini, wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, wata tsohuwa a unguwarmu ta tattaka mini bayan da ƙafa tana cewa sanyi ne. Shekara biyu muna haka da shi, yau sauƙi gobe tsanani. A lokacin ba tsoronsa nake ji ba, haushinsa nake ji, irin haushin maƙwabcin da ba ya ɗaure akuyarsa. Ina mita, ina aikina.

Tsoro ya shigo ne ranar da maigidana ya kai ni Gumel aka ɗauki hoton bayan. Wani wurin ɗaukar hoto ne na kuɗi. Mutumin da ya ɗauka ya ɗaga baƙar ledar nan saitin taga, na ga ƙasusuwana a jere, abin da ban taɓa zaton zan gani da raina ba. Ya sa bakin biro ya nuna can ƙasa.

"Hajiya, kin ga nan? Ƙashin ya fara cinyewa. Sai ki riƙa lallaɓa shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya miƙo mini hoton, ya kira na gaba. Ba na jin da mugun nufi ya faɗa. Wataƙila sau goma yake faɗin kalmar nan kafin ya ci abincin rana. Amma ni na san abubuwan da ke cinyewa. Sabulu yana cinyewa, dutsen niƙa yana cinyewa, haka tayar babur da dunduniyar silifa. Kuma duk abin da ke cinyewa, amfani da shi ne ke cinye shi, abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. A motar da ta dawo da mu Maigatari, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar an gutsure mini wani abu. Na riƙe kujerar gaba da hannu biyu har muka iso.

Na san ƙarshen abin, ko na ɗauka na sani. A bayan layinmu akwai wata mata da ciwon baya ya zaunar. Sai an cicciɓe ta ake kai ta makewayi, 'ya'yanta mata suna yi mata tsarki, ita tana kallon sama. Na sha zuwa dubiya in yi mata sannu in fito ina godiya ga Allah. Yanzu in na wuce ƙofar gidan sai gabana ya yanke ya faɗi. Abin da nake tsoro ke nan, ba mutuwa ba: in wayi gari ƙafafuna suna nan amma ba nawa ba, a riƙa ɗauka ta ana ajiyewa.

Sai na shiga tattalin ƙashi. Na ce tunda motsi ne ke cinye shi, zan rage motsi, abin da ya saura ya kai ni kabari. Na daina sunkuyawa kwata-kwata. Na ɗaura wa tsintsiya sanda ina shara a tsaye. In ludayi ya faɗi da yatsun ƙafa nake ɗauko shi, har na gwanance. Tukunya ta koma kan teburi, wanki ya koma kan turmi da aka kife. Salla kuwa a kan kujera, ina ɗan rusunar da kai a madadin ruku'u da sujada. Wannan ya fi komai ci mini rai, amma malamin unguwa ya ce mai larura yana da rangwame, na riƙe wannan. In na yi kuskure na ranƙwafa, misali iska ta ɗauke mayafi na kai hannu ban shirya ba, sai in daskare a wurin ina salati, ina sauraron bayana ko zan ji ƙas.

A sito abin ya fi muni. Dole in zauna, ba zama ba ci. To na ƙirƙiro wa kaina zaman da nake ganin ba zai taɓa ƙashin ba. In miƙe ƙafa, in miƙe baya sambal, in ɗaure ciki, ba jingina, ba karkata, ba waiwaye. Faifan na ɗora shi kan kwando don kada in duƙa. Hannuna kaɗai ke motsi. In wani ya yi sallama ta bayana, sai dai in amsa ina kallon gaba.

Wadda ke zama kusa da ni wata Badamagariya ce da aure ya kawo ta Maigatari, mace mai baki, ba ta ganin abu ta ƙyale. Ita zamanta babu tsari ko kaɗan. Yanzu ta kishingiɗa kan buhu, an jima ta tanƙwashe ƙafa, can ta yi rub da ciki tana tsinta kamar yarinya, sannan ta tashi ta je tsegumi wajen masu awo ta dawo. A raina ina cewa wannan baiwar Allah tana almubazzaranci da ƙashinta.

"Ke ƙawa," ta ce da ni wata rana, "tun da aka yi miki radiyon nan kika koma jandarma. Wa kike gadi?"

Radiyo shi ne abin da suke ce wa hoton ƙashi a wajensu, jandarma kuwa wani irin ɗan sandansu ne. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Ban iya dariya sosai ba, don na lura dariyar ma tana girgiza baya.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk wannan lallaɓawar ciwon gaba ya yi. Da sai bayan azahar yake zuwa, yanzu kafin rana ta take ya iso. Gefe da gefen ƙashin bayana su ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, zafin ya hau har kafaɗa, ya sauko ɗuwawu. Ba sau ɗaya ba na ce da kaina wataƙila zaman ne. A'a, sai in ce ƙashin ne ke ƙara cinyewa, lallai ban lallaɓa shi yadda ya kamata ba. Sai in ƙara sandarewa. Wata bakwai na yi a haka. Na rame, na zama mai faɗa, maigidana in ya shigo sai ya fara leƙen fuskata kafin ya yi magana.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, sito ya cika da sabon kaya, na zauna tun safe ban ko gyara zama ba. Da aka kira azahar na dafa ƙasa zan tashi, sai na ji ƙafata ta hagu babu ita. Ina ganinta a miƙe, da lallenta da komai, amma na ce ta motsa ta ƙi. Na mintsini cinyar, kamar na mintsini buhu.  Na ce shi ke nan, yau ce ranar, a gaban mutane kuma, a cicciɓe za a fitar da ni daga sito. Ban san na fasa ihu ba sai da na ga mata sun yo kaina.

Badamagariyar ta ture su, ta kama ƙafar ta shiga murzawa tana bubbugawa.

"Minjirya ce, mahaukaciya! Kin danne ƙafa tun safe kamar an dasa ki, ba dole ta yi fushi ba?"

Can sai na ji tsira-tsira kamar allurai, yatsun suka motsa. Na tashi na taka. Kowa ya koma kan faifansa ana yi mini tsiya. Ni kuwa ban yarda minjirya ce ba. Na ɗauka gargaɗi aka yi mini.

Maigidana ya ce wannan karon asibiti za mu, ba wajen mai hoto ba. Muka koma Gumel, aka tura ni wajen likitar gashi, masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Wata mata ce mai tabarau, tsarata ko ta ɗan girme ni. Ta ƙwanƙwasa mini gwiwa, ta sa na taka da dunduniya na taka da yatsu, ta ja ƙafar nan ta tura waccan, ta yi mini tambayoyin fitsari da bayan gida har na ji kunya. Sannan ta ce in zauna kan benci yadda nake zama a wajen aiki. Na zauna zamana na jandarma. Ta ƙyale ni a haka tana rubuce-rubucenta, har na fara jin garwashin ya kama.

Ta taso ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna ta kai shi bayana, gefen ƙashi.

"Hajiya, taɓa nan. Me kika ji?"

Na ji abu tauri kamar muciya. Na ce, "Ƙashin ne?"

"Ba ƙashi ba ne, nama ne. Kawo hannun."

Ta ɗora shi a nata bayan, daidai wurin. Laushi, yatsana har yana nutsewa.

"To ni ma ai a zaune nake," ta ce. "Naman nan da ke gefe da gefe, aikinsa ya kama ya saki, wannan sashe ya karɓi wancan ya huta. Duk sanda kika karkata ko kika jingina, hutu kika ba wani. Ke naki ya kama bai saki ba. Kina zaune, shi yana ɗauke da kaya kamar ɗan dako, tun safe ba wanda ya sauke masa. Zafin da kike ji, yawancinsa kukan gajiyarsa ne."

Na ciro hoton daga jaka na miƙa mata. Ta ɗaga shi ta duba ba ta ko yamutsa fuska ba. Ban iya haƙuri ba na ce, "Likita, don Allah kada ki ɓoye mini. Saura nawa?"

"Saura nawa me?"

"Ƙashin. An ce yana cinyewa."

Ta fara dariya, da ta ga hawaye a idona ta haɗiye ta. Ta ce wannan da nake gani furfurar ƙashi ce, duk wanda ya kai shekarunmu in aka ɗauki nasa za a ga irinta, har da waɗanda bayansu bai taɓa ciwo ba. Ta ce ƙashi ba ya ƙarewa don an sunkuya, ƙafafuna kuma lafiyarsu lau, ta gwada ta gani. Ta ce ciwon gaskiya ne, ba ƙirƙira nake ba, kuma ba ta yi mini alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, amma zaman da na ɗaura wa kaina ƙara masa wuta yake yi. Sannan ta miƙe ta ce, "Tashi ki sunkuya ki taɓa gwiwarki."

Na tashi. Na zura hannu bisa cinya, na ɗan karkato, sai na tsaya. Wallahi ji na yi kamar an ce in taka bakin rijiya. Ta ce ƙara kaɗan. Na ce gobe. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta matsa ba, ta ce in dawo bayan sati biyu.

Na bi rabin maganarta. A sito na fara jingina da buhu, ina sauya ƙafa, ina tashi in zaga in dawo. Badamagariyar ta ce alhamdulillahi jandarma ya yi ritaya. Garwashin ya ragu, wannan ba zan musa ba. Amma sunkuyawa ban yi ba, sati biyun ma ban koma ba. Na yarda da likita da kaina, jikina ne bai yarda ba. Maganar mai hoto ta riga tata zama, kuma kullum wani abu yana raɗa mini cewa in likita ta yi kuskure, ita tana da ƙafafunta, ni ce zan zauna.

Da bazara aikin zoɓo ya ja baya, na tafi Ɗanzomo in yi wa Innata kwana biyu. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune gidan ƙanena, sai da sanda take tafiya. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun tasowata ba ta kama sunana, ba ta sakar mini fuska a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyata sai ta bakin wani. In za ta kira ni sai ta ce "ke." Ciwon bayana ma ban taɓa jin ta ambace shi ba, har na ɗauka ba a gaya mata ba.

Rana ta biyu duk gidan suka tafi bikin suna a Sule Tankarkar, har maƙwabta, aka bar ni da ita. Da rana ta take ina rumfa ina tsince wake a kan teburi, ta ɗauki buta ta nufi makewayi. Ƙanena ya yi wa wajen randuna daɓen siminti, rana tana dukansa tun safe, ko kaza ba ta tsayawa a kai. Na ji ƙarar sanda, na ji buta ta gangara, sannan wani tim.

Na taso da sauri. Tana kwance a kan simintin ta gefen dama, hannunta a ƙarƙashinta, ɗankwali ya cire, tana ta ƙoƙarin dafawa tana komawa. Na iso har taku biyu tsakanina da ita, sai na tsaya.

Na tsaya. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba. Uwata tana ƙasa, ni ina tsaye sambal a kanta, hannuwana a miƙe kamar daga nan za su kai. Na ƙwala wa maƙwabta kira, na san ba kowa. Na miƙa mata sandar, ta kama ta suɓuce. Na zaga ta wannan gefe, na zaga ta wancan, ina neman dabarar da zan ɗaga mutum ba tare da na duƙa ba. Zafin simintin yana ratso silifana. Abin kunyar kuma, ba ita nake ji wa tsoro ba a wannan lokacin, ƙafafuna nake ji wa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba.

Sai ta ɗago ido ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba, ta ce da wata ƙaramar murya, "Ke, kada ki sunkuya. Bayanki. Bari su dawo."

Ban yi shawara ba. Na ji dai gwiwoyina sun lanƙwashe, bayana ya tanƙwaru gaba ɗaya, fuskata ta kai kusa da tata. Na zura hannu ƙarƙashin hammatarta ina jiran in ji ƙas, ina kalmar shahada a fili. Na ɗago ta. Ashe ba ta da nauyi, kamar damin karan da ya sha rana. Na rungumo ta har rumfa na kwantar da ita kan tabarma, na sake duƙawa na gyara mata zane, na ɗebo ruwa na ba ta. Sai a sannan na zauna na kalli yatsun ƙafata na ce su motsa. Suka motsa duka goma. Na fashe da kuka, ita kuwa ta juya fuska bango.

Bayana ya yi kwana uku yana zagina, daga nan ya koma ciwonsa na kullum. Har yau muna tare da shi, ina sunkuyawa da shi, ina aiki da shi. Inna ba ta karye ba, ƙugunta ne ya ɗan bugu. Amma gefen hannunta na dama, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, inda ya kwanta kan siminti, fatar ta tashi ta ɗuri ruwa. Na san buguwa ba ta yin haka. Sai abu ya daɗe a kan zafi.

A ranar da abin ya faru, da la'asar 'yan suna suka dawo, gida ya rikice da salati da sannu. Ina durƙushe ina shafa mata magani a ƙunar, matar ƙanena ta leƙo ta ga hannun, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Inna, wannan ai ƙuna ce. Kin daɗe a ƙasa ne?"

Hannuna ya tsaya cak. Inna ba ta dube ni ba.

"A'a," ta ce. "Nan da nan ta ɗaga ni."